Gwaggo, Anti Nas da Tambayoyi Uku: Nazarin Wani Lamari a Aboabo, Kumasi

Gwaggona, yayar mahaifina, ta fi shekara 30 tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Aboabo, cikin Kumasi, a ƙasar Ghana. Ƙarfe uku na dare take tashi. Kafin ladan ya kira assalatu ta tace gasara, ruwa ya tafasa, yaranta sun fara sakin ƙosai a mai. Kafin ƙarfe goma na safe ta kwashe kayanta. Ta haura shekara 60, mace ce mai jiki, kuma gwiwa da ƙugu sun daɗe suna damunta. Ba zan kama sunanta ba, haka ma ma'aikaciyar jinyar da ta tsaya mata. A unguwa kowa Anti Nas yake ce mata, har tsofaffin da suka goya ta. Ni ne mai riƙe wa Gwaggo waya, ni ke sa mata data, ni ke raka ta asibiti, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Kusan duk bayan wata biyu ko uku sai ciwon kai ya kwantar da ita, da jiri, da nauyin ƙeya. Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi da take zuwa. Tana shiga a ba ta kujera, a ce "Hajiya, sannu," a ɗebi jini, kafin awa ɗaya an ce maleriya ce da taifot. A yi mata allura, a sa mata ruwa leda biyu, a cika mata jaka da magani kala biyar ko shida. Ta biya ta MoMo, wato kuɗin waya, ta dawo tana sa musu albarka. "Wurin nan sun san aiki," in ji ta, "ba sa ɓata maka lokaci." Jini kuwa suna auna mata. Sau da yawa an ce mata ya ɗan hau, ta rage tunani. Sau ɗaya aka ba ta maganin hawan jini na mako biyu, ta shanye, ta ɗauka ta warke, babu wanda ya ce ta dawo.

Asibitin gwamnati kuwa ta ɗauke ƙafa tuntuni, kuma dalilanta ba na banza ba ne. Wanda ya kama layi da asuba ba lallai ya ga likita kafin azahar ba, ita kuwa safiyar nan ita ce kasuwarta gaba ɗaya. Sannan shekarun baya wata ma'aikaciya ta daka mata tsawa a gaban jama'a, saboda an kira sunanta da lafazin da ba ta gane ba har sau biyu ba ta amsa ba. Daga ranar ta bar katinta na inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, ya mutu. Tsarin da aka kafa a 2003 don a raba talaka da biyan kuɗi a hannu kafin a taɓa shi, Gwaggo ta fita daga cikinsa da ƙafarta, ta koma biyan kuɗin da take tarawa sidi-sidi, don dai a ce mata sannu.

Rasuwa ce ta tayar da maganar. Wata abokiyar karatunsu a makarantar Islamiyya ta matan aure ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, bayan 'yan kwanaki Allah ya yi mata cikawa. A wurin addu'ar bakwai Anti Nas ta ga jakar magungunan marigayiyar, da katunan asibiti har uku. Matar ba ta guji asibiti ba. Ta je, ta biya, ta sha abin da aka ba ta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi, amma an umarce mu da neman magani, kuma baiwar Allah nan ta nema iyakar saninta. Abin da ya tsaya wa Anti Nas a rai ke nan.

Ba a Aboabo kaɗai abin yake ba. A 2018 wani kwamitin masana da mujallar Lancet Global Health ta kafa ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici, mutum miliyan 8.6 ne ke mutuwa a shekara daga cututtukan da asibiti zai iya magancewa. Miliyan 3.6 daga ciki ba su samu zuwa ba. Miliyan 5 kuwa sun je, kulawar da suka tarar ce ba ta da inganci. Shekara da shekaru wa'azin lafiya a Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, bai wuce "ku je asibiti" ba. Abin da mutum zai duba in ya je, ba a cika gaya mana ba.

Anti Nas ta nemi izinin malamar makarantar, aka buɗe zaure a WhatsApp. Yunƙurin farko bai je ko'ina ba. Ta tura bidiyoyin Turanci daga YouTube, ta tura takardar haƙƙin majiyyaci ta hukumar lafiya ta Ghana yadda take a rubuce. Mata suka yi ta turo "Allah ya saka da alheri," amma da ta tambaye su abin da ke ciki ranar makaranta sai aka yi tsit. Bidiyo na cin data. Turancin na asibiti ne. Da yawansu suna karanta Alƙur'ani tiryan-tiryan amma boko bai zauna ba, wasu kuma wayar ta ɗa ce ko ta miji, sai dare take zuwa hannunsu.

Sai aka sauya salo. Darasi ɗaya a mako, saƙon murya da Hausar Zango, bai wuce minti huɗu ba, da hoto ɗaya. Ni nake gyara sautin in rage masa nauyi. A ƙarshen kowane darasi akwai aiki: ki maimaita abin da kika ji da bakinki, ki turo. Daren Asabar bayan isha'i Anti Nas ta zauna awa ɗaya tana amsawa. Tun ranar farko ta kafa sharuɗɗa. Ba ta rubuta magani ta waya. Kada kowa ta sa takardar gwajinta ko sirrin ciwonta a zaure, ta same ta ita kaɗai. Wadda kuma ta ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko harshe ya karye, ko ƙirji ya riƙe, ko jini ya ɓalle wa mai ciki, kada ta tsaya turo saƙo: a nemi mota, ko a kira 112.

Darasin da ya fara kama su daga tukunyar Gwaggo ta ɗauko shi. Akwai wani likita, Avedis Donabedian, malami a jami'ar Michigan ta Amurka, wanda a 1966 ya kasa ingancin kula da lafiya gida uku: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake yin aikin, da abin da aikin ya haifar. Har yau da wannan ma'auni ake koyar da ma'aikatan lafiya. Anti Nas ba ta ambaci sunansa ba. Cewa ta yi, "Mma, in mace ta sayi sabuwar tukunya da benci mai fenti, kokonta ya yi daɗi ke nan?" Gwaggo ta amsa, ana jin ƙarar ludayi a bayanta, "Ina! Sai an ga yadda ta jiƙa geron, da ruwan da ta tace da shi." Anti Nas ta ce, "To in ya yi daɗi a baki, amma duk wanda ya sha sai cikinsa ya ɓaci fa?" Nan mata suka ɗauka da kansu. Tayil da fanka da talabijin a ɗakin jira, tukunya ce da benci. Ko an saurare ki, an duba ki, an wanke hannu kafin a taɓa ki, an yi gwajin da ya dace, wannan shi ne damun. Ko ciwon ya daina dawowa, shi ne cikin mai sha.

Daga nan darussa suka bi juna. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya da gwajin jini kafin a ba da maganinta, don ba kowane zazzaɓi ko ciwon kai ne maleriya ba. Gwajin taifot ɗin nan na gaggawa da ake kira Widal ya shahara da nuna ciwon ga wanda ba shi da shi. Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi don ta fi zafi ba. Ruwan da ake ƙarawa, yawanci ruwan gishiri ne ko na sukari, an yi shi don wanda ruwan jikinsa ya ƙare ko wanda ba ya iya sha, ba abin ƙara ƙarfi ba ne. Asibiti, na kuɗi ko na gwamnati, yana bukatar lasisin hukumar HeFRA da dokar 2011 ta kafa, kuma kwalin magani yana da ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar abinci da magunguna. Waɗannan mata sun karɓe su da sauƙi.

Darasin awon jini ya fi shiga jikin Gwaggo. Anti Nas ta sa na ɗauki hotonta tana auna wa malamar makaranta: mutum ya zauna ya huta kamar minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba magana. Abin da ake naɗawa a damtse ya zama daidai damtsen, domin ƙarami a hannun mai jiki yana ƙara lamba. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. In ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama a awo daban-daban, hawan jini ne, kuma ba ciwon mako biyu ba ne, maganinsa na kullum ne, ko da mutum yana jin garau. "In an ce miki ya ɗan hau," in ji ta, "ki ce nawa ne, a rubuta miki." Gwaggo ta saurari wannan saƙo sau uku a daren. Ba ta ce komai ba.

Bayan kwana biyu ta yi tawaye. Ta karɓe wayar daga hannuna ta yi saƙon da ya kai minti bakwai, a cikin zaure, kowa na ji. "Ɗiyata, kin zo kina kushe mana inda ake mutunta mu. Ku a wurinku fa? Mutum ya bar sana'arsa ya zauna a benci tun asuba kamar mai bara. A kira ki kamar akuya. Likita ko ɗaga kai bai yi ya kalle ki ba ya gama rubutu. In kin yi tambaya a ce ke ce likitan? Wannan shi ne ingancin?" Mata suka yi ta turo "wallahi gaskiya ne." Kowace da nata tabon. Wata ta ba da labarin yadda aka buɗe ta a ɗakin awo labule a ɗage, mutane na wucewa.

Anti Nas ta yini ba ta amsa ba. Daga baya ta gaya min ranta ya sosu, domin ta san abin da ake nufi da nas ɗaya a kan layin da ba a ganin ƙarshensa, ta san ranakun da ko ruwa ba ta sha ba har la'asar. Amma da ta buɗe baki da daddare, abin da ta fara cewa shi ne, "Mma, gaskiyarki." Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a cikin abubuwan da take auna inganci da su, ta lissafa kulawa a kan lokaci da mutunta majiyyaci, kafaɗa da kafaɗa da maganin da ke aiki da kuma kauce wa cutar da mutum. Ta ce takardar haƙƙin majiyyaci, wadda ta shiga cikin dokar lafiyar al'umma ta 2012, ta ba kowa haƙƙin a suturta shi lokacin dubawa, a riƙe sirrinsa, ya san sunan mai duba shi, a yi masa cikakken bayanin ciwonsa, a gaya masa kuɗin aiki kafin a fara, kuma ya nemi ra'ayin likita na biyu in yana so. Tsawar da aka yi wa Gwaggo tauye haƙƙi ne, ba a yi mata daidai ba. "Amma Mma, wanda ya ce miki sannu ya bar jininki yana hawa, shi ma bai yi miki daidai ba. Duka biyun naki ne. Kada ki yarda a sayar miki da ɗaya a hana ki ɗaya."

A ganina ranar ce zauren ya kafu. Gwaggo ba jahilar inganci ba ce, ta daɗe tana aunawa, sai dai da rabin mudu. Wanda zai koyar da ita dole ya fara amsa cewa rabin da ke hannunta na gaskiya ne, kuma wannan aikin mutum ne mai rai, wanda za a iya yi wa faɗa ya haɗiye ya dawo da amsa. Da saƙonnin rikodi ne kawai ke saukowa babu mai karɓar ƙorafi, na tabbata a makon nan Gwaggo ta sa ni na cire ta.

Sai aka zo kan tambayoyi uku, waɗanda masu koyar da majiyyata suka daɗe suna amfani da su: mene ne ainihin ciwona, me zan yi, kuma me ya sa dole in yi shi. Haddace su ba wuya. Faɗarsu a gaban likita ita ce wuyar. Mu a Zango an tarbiyyantar da mu cewa ba a tsare malami ko babba da tambaya, kuma mace ba ta ɗaga murya a gaban namijin da ba nata ba. Ga matsalar harshe. Twi, wanda muke kira Tonanci, Gwaggo tana ciniki da shi tana faɗa da shi, amma ba ta taɓa bukatar kalmar ƙoda ko jijiyar jini a cikinsa ba. Anti Nas ta shafe mako biyu a kan wannan kaɗai. Ita takan zama kamar likita, mace ta turo tambayarta da murya, ita kuma ta amsa a gaggauce da gangan, yadda mai gajiya zai amsa, don mace ta koyi sake tambaya ba tare da ta tsorata ko ta fusata ba. Ta ba su mabuɗin da bai saɓa wa tarbiyyarsu ba: "Dokta, don Allah ka yi haƙuri, ni tsohuwa ce, bari in maimaita abin da ka ce ka ji ko na gane." Suka koye shi da Hausa, suka koye shi da Tonanci. Matambayi ba ya ɓata, mun san wannan tun muna yara, sai dai ba a taɓa nuna mana cewa har ɗakin likita karin maganar ya kai ba.

Katin inshora muka fara tayarwa. Tun ƙarshen 2018 ana iya sabunta shi ta waya, a danna *929# a biya ta kuɗin waya, ba sai an je ofis an kama layi ba. Gwaggo ba ta taɓa jin haka ba. Anti Nas ta gaya mana ranar da layi ya fi sauƙi, ta ce a tattara duk abin da Gwaggo ke sha, har na gargajiya, a sa a leda ɗaya. Ba asibitin da take aiki ta tura mu ba, kuma ba ta kira kowa ta ce a duba mana ba. Ta ce in da alfarma aka shiga, sauran matan ba su koyi komai ba.

Ranar, muna sauka daga trotro, wato motar haya, muka hau matakala, aka kira ta wurin awo tana haki. Aka naɗa mata abin a kan hannun riga, lamba ta nuna 174 bisa 104. Na ga leɓenta na rawa. Ta ce, "Madam, don Allah ki yi haƙuri, yanzu na hawo. In huta kaɗan a sake? Kuma abin nan ya matse ni." Ma'aikaciyar ta kalle ta, ta kalli layi. Ta ce ta koma gefe. Bayan wani lokaci ta kira ta, ta ɗauko babba daga aljihun tebur. Ya sauko zuwa 162 bisa 98. Har yanzu sama yake sosai, amma wannan karon lambar gaskiya ce, kuma an rubuta mata.

Mataimakin likitan da ya duba ta ya fara rubutu tun kafin ta gama zama. Ta ɗora ledar a kan tebur. Ya ce mene ne wannan, muryarsa ba daɗi. Ta ce abin da take sha ne. Ya zazzage. Diclofenac, wanda take sha kullum don gwiwa tun shekaru. Ibuprofen daga wani kantin magani daban, wanda ta ɗauka wani magani ne na ƙugu, alhali dangi ɗaya ne da na farkon. Da kwalbar wani jiƙo mai ɗaci ba takarda a jikinta. Ya ajiye biro. Wannan dangin magungunan kashe zafi suna ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin maganinsa, kuma shansu kullum yana cin ƙoda da ciki. A duk zuwanta wancan asibitin kuɗi babu wanda ya taɓa tambayar ta abin da take sha a gida. Ya tura ta gwajin ƙoda da fitsari da sukari, ya ɗora ta a kan amlodipine, ya ce ta bar waɗancan ta koma paracetamol, ya sa mata ranar dawowa. Ta yi tambayoyinta uku, na ukun da ƙyar ya fito. Ya amsa, a gajarce dai, amma ya amsa. Da ta maimaita masa abin da ya ce, ya gyara mata wuri ɗaya: ta ce za ta sha har ya ƙare, ya ce a'a, kafin ya ƙare za ta dawo a ƙara.

Mun bar asibitin bayan azahar. Kasuwar ranar ta tafi. A tagar magani kuma aka ce ɗaya daga cikin abin da aka rubuta babu, a saya a waje. Asibitoci sun daɗe suna kukan jinkirin biyansu kuɗin inshora, kuma a kan majiyyaci abin ke ƙarewa. Darasin waya bai gajarta layi ba, bai cika kantar magani ba. Ina faɗar wannan ne domin akwai masu son a ɗora wa majiyyaci nauyin gyaran asibiti da sunan wayar da kai, kuma ban yarda da su ba. Tsohuwa mai koko ba sufeto ba ce. Abin da ta samu shi ne ta kare kanta a cikin tsarin da gyaransa ke wuyan wasu.

Makonnin da suka biyo baya su suka nuna amfanin nas a bayan darasi. Bayan kamar mako uku ƙafafun Gwaggo suka kumbura daga idon sawu. Maƙwabciya ta ce maganin bature ne ke kashe mata ƙoda, ta bari. Da a da ne, ta bari a ranar. Sai ta tura wa Anti Nas saƙo ita kaɗai. Anti Nas ta tambaye ta ko numfashi na yi mata wuya, ko ƙafa ɗaya ce ko biyu, ko fuska ta kumbura. Sannan ta ce kumburin sawu sananne ne ga masu shan amlodipine, kada ta tsayar da kanta, ta koma ta nuna wa wanda ya rubuta. Ta koma, aka rage mata shi aka haɗa da wani. Da azumi ya kawo kai, rabin zauren sun yi niyyar ajiye magani sai bayan Sallah. Anti Nas ta yi darasi guda a kan haka, malamar makaranta ta yi nata ta fuskar addini, aka ce kowa ta je ta tambayi mai duba ta yadda za a mayar da lokacin sha zuwa sahur ko bayan buɗa-baki, masu ciwon sukari kuma lallai su ga likita kafin su ɗauki azumin. Maganar gishiri ta fi ja. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara bai kai giram 5 a rana ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, alhali miyar gidanmu ga dunƙule, ga gishiri, ga kifin gishiri. Har yau ana fama.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wata mata ta ɗauki darasin haƙƙi ta je ta kunna kyamarar waya a fuskar wata nas tana zazzaga mata, aka kusa korar ta, kuma ta ɗauki fuskokin marasa lafiyar da ba su san hawa ba balle sauka. Sai da aka yi darasi na musamman cewa takardar nan da ta ba da haƙƙi ta kuma ɗora nauyi: faɗin gaskiyar tarihin ciwo, bin magani, mutunta ma'aikata da sauran majiyyata, kuma ƙorafi yana da ƙofarsa. Saƙonnin masu tallar maganin da ke warkar da hawan jini da sukari da basir a kwalba ɗaya ba su daina shigowa ba. Maza kuwa ba su shigo ba sam. An buɗe musu nasu zauren, ya mutu cikin wata guda, ga shi hawan jini bai bar su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Anti Nas kanta. Awa ɗayan daren Asabar ta zama kowane dare. Ana tura mata saƙo ƙarfe biyu na dare, ana kiran ta tana tsakiyar aiki, wasu su yi fushi don ta ƙi faɗin sunan magani. Ba a biyan ta ko sidi ɗaya, datarta ma ita ke saya. Abokan aikinta biyu sun tafi Ingila, kuma Ghana tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Duk wanda zai kwaikwayi wannan tsari a Asawase ko Sawaba, ko a Nima da Madina a Accra, ya fara lissafa lokacin nas da haƙƙinta kafin ya lissafa waya da data. Saƙonnin murya suna nan a ajiye, ana iya tura wa dubu. Mai amsawa ce ba a iya kwafa. Yanzu dai an zaɓi mata biyu suna tattara tambayoyin mako su miƙa mata sau ɗaya, mata kuma suna haɗa ɗan abin da ya samu na data.

Gwaggo tana da ƙaramin littafi da take rubuta awonta da ajami. Wata uku ke nan ba ta kwanta da ciwon kan nan ba, lambarta ta fi zama kusa da 140 bisa 88. Gwajin ƙodar ya nuna ta ɗan taɓu, aka ce a maimaita bayan wata uku kafin a san ko abin ya zauna ne. Ta san mutanen da ke zuwa wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ta san abin da yake ci wa iyali, don haka ranar ba ta fita daga ranta. Ranar maimaita gwajin ta faɗo Talata da safe. Ta riga ta shirya da matar ɗanta za ta tsaya a kan koko. A shafin ƙarshe na littafin ta rubuta abin da za ta tambaya: ko lambar ƙodar ta motsa, da kuma me za ta sha wa gwiwa in hunturu ya shigo, domin paracetamol ba ya riƙe ta zuwa asuba.